Shekarar da Ban Je Auna Taurari Ba

Wannan babin naku ne ku biyu, Hajjo da Nasiru. Da ban ji abin da na ji a sunan ɗan Hajjo ba, da na tsallake shi kamar yadda na tsallake sunayen makarantun da na yi. Ina zaune a ɗaki ana ta kai-kawo da kwanukan waina, sai na jiyo Hajjo tana gaya wa ƙawarta cewa ai da tuni Umma ta zama farfesa, Baffa Sule ne ya tsaya kai da fata ya hana ta tafiya. Ta faɗe shi yadda ake faɗin abin da kowa ya sani. A ranar na gane dalilin da ya sa in aka ce ku je Dagumawa ku gaida wan mahaifinku, sai ɗaya ya tuna yana da taro, ɗaya kuma motarsa ta lalace. Shekara da shekaru kuna riƙe da mutum a zuci kan abin da bai yi ba, ni kuwa ina gefe ban sani ba. To ku gyara zama ku ji, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sai na fara da aikin kansa, don na lura ko ku da kuka tashi a cikinsa, in aka tambaye ku me Umma take yi sai ku ce ƙirga taurari take yi. Ban taɓa ƙirga tauraro ba, wa yake da wannan lokacin? A lokacin fiziks nake koyarwa a jami'ar nan ta Wudil, kuma binciken da na ɗauka don digirin digirgir shi ne auna nauyin curin taurari. A gefe-gefen babban garken taurarin da ranarmu take ciki, akwai wasu tsofaffin taurari da suka dunƙule wuri ɗaya kamar curin fura, dubbai a kan dubbai, sun fi duniyarmu tsufa nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce, curi ɗaya nawa ne nauyinsa? Babu sikelin da za a ɗora shi. Kana iya duba haskensa ka yi kirdado, amma haske yana yaudara, don da yawa daga cikin taurarin sun dushe, wasu sun mutu, ba ka ganin su alhali nauyinsu yana nan. Hanyar da ta fi gaskiya ita ce ka kalli motsinsu. Kowane tauraro a cikin curin gudu yake yi, kuma abin da ya hana shi ficewa shi ne jan da sauran suke yi masa gaba ɗaya. In ka ga suna sheƙa gudu amma ba su watse ba, to abin da ya riƙe su mai nauyi ne ƙwarai. Saboda haka abu biyu kake nema, faɗin curin da saurin taurarinsa. Faɗin ana samu a hoto. Saurin kuwa sai an tsaga hasken tauraro ɗaya-ɗaya kamar bakan gizo, a ga ko ya karkata wajen ja, alamar yana nisantarmu, ko wajen shuɗi, alamar yana matsowa. Wannan sai da ƙaton madubin hangen nesa, kuma wanda za a ba mu aro yana kan wani tsauni a Afirka ta Kudu.

Duk Wudil mutum ɗaya ne ya fahimci wannan bayani a zama ɗaya, shi ne babanku. Malamin dabbobi ne, kun sani, kuma ranar Juma'a tun hantsi yana kasuwar Kara cikin shanu har la'asar sakaliya. Ranar da na fara yi masa bayani yana wanke ƙafa a bakin rariya, sai ya ajiye buta ya kalle ni.

"Malama, ashe sana'armu ɗaya. Ni ma ba ni da sikelin da zai ɗauki bijimi. In na zagaya ƙirjinsa da igiya, na kalli tafiyarsa, sai in san allurar da zai ɗauka."

"Bambancin kawai," na ce, "naka in ka yi kuskure ya harbe ka."

"Naki kuwa in kin yi kuskure ba mai hawa sama ya kama ki. Wallahi kin more."

Haka yake, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ina kewar gidan nan na lokacin, kewar da har yau ban san inda zan ajiye ta ba. Ƙaramin gida ne, ɗaki uku da zaure, ga darbejiyar maƙwabta ta leƙo ta katangar kudu. Ranar Juma'a da yamma kafin a ji sallamarsa an ji ƙarar babur, sannan ƙanshin soyayyen kifin bakin gada a cikin takarda, sannan warin shanu da ko sabulu ya yi sau uku sai ya bar saura. Ku biyu ku ruga ku kama masa jaka, ni in tsaya ina mita a kan takalmansa. Wata rana ya dawo daga Kano da wani tsohon madubin hangen nesa na hannu, irin mai ido biyu, ya ce a wajen 'yan gwanjo ya gani, kuma matar da take aikin sama bai kamata a ce ba ta da ko wannan ba. A ƙarshen bazara, in aka idar da sallar isha'i, sai mu shimfiɗa tabarma mu duba kudu. Akwai wani babban curi da ake gani daga nan, can sama da darbejiyar kaɗan, kamar an ɗiga nono a baƙin zane. Ranar da ya fara kama shi a madubin sai da ya yi salati.

"Wannan ne naki?"

"A'a, wannan yayansa ne. Nawa ƙarami ne, yana can gefe, wannan madubin ba zai nuna shi ba."

"To gaishe shi za mu riƙa yi, ya isar wa ƙanensa."

Wata farfesa ce a can Afirka ta Kudu take kula da aikina daga nesa. Shekara uku muna musayar saƙo, a zamanin da sai na hau mota na tafi Kano kafin in sami intanet mai ɗan motsi, in zauna a shago ina jiran hoto ɗaya ya sauka har azahar ta wuce. Na auna faɗin curina, na gama duk lissafin da za a iya yi a kan tebur. Saura saurin taurarin. Shi kuwa babban madubin ba a zuwa masa kai tsaye, layi ake bi kamar yadda masu fadama suke karɓa-karɓa da injin ban ruwa, kowa da ranarsa, in taka ta wuce ta wuce. Sai ga shi an ba mu namu lokacin a ƙarshen bazara, daidai sanda curin yake tsayawa a tsakiyar samansu. Sharaɗin masu ɗaukar nauyin shirin shi ne ɗalibi ya je da kansa, ya yi 'yan watanni yana koyon aikin, kuma wannan ce shekarar ƙarshe ta shirin. Babanku ya fi ni rawar ƙafa. Shi ya yi ta zirga-zirgar fasfo da biza, shi ya sayo akwati, ya kuma sayo wata rigar sanyi da za ta ɗauke mu mu biyu har da Nasiru. Duk wanda ya kawo saniya allura a makonnin nan sai ya ji labarin tafiyata, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Baffanku kuwa bai so ba, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye muku ba. Manomi ne da bai taɓa yarda da aikin mace a waje ba, kuma fuskarsa ko ranar salla ba ta cika sakewa ba. Da ya ji labari ya zo har gida, ya zauna a zaure ya ƙi shan ruwa.

"Mace ta hau jirgi ta bar miji da yara don ta kalli sama? Saman Wudil ta ƙare ne?"

Babanku ya yi dariya ya ce, "Yaya, tamu ta yi mata kaɗan."

Baffa ya karkaɗe rigarsa ya tafi, ya yi wata guda bai tako gidan ba.

Ciwon ya fara kamar zazzaɓin da aka saba. Ya sha magani ya koma Kara, ya dawo ya kwanta, idonsa ya yi ɗorawa. Kafin mu ankara muna asibiti a Kano, likitoci suna magana ƙasa-ƙasa a kan hanta. Baffa ne ya yi jinyarsa tare da ni, ya bar gonar rani a hannun 'ya'yansa, yana kwana a kan tabarma a baranda. Wata safiya babanku ya ce in je in samo masa koko. Na san kora ce, don ya kwana biyu ba ya iya haɗiyar komai, amma na tafi. Da na dawo na tarar da Baffa ya sunkuyar da kai, hannunsa cikin na ƙanensa. Ba wanda ya gaya mini abin da suka tattauna. Kwana biyu bayan nan Allah Ya karɓi abinsa, ana saura 'yan makonni tafiyata.

Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma mace tana yin ta ne a ɗakin mijinta. Gwaggo Tabawa, ƙanwar kakanku, ita ta zo ta zaunar da ni. Ta yi takaba sau biyu, saboda haka tana ganin kanta farfesa a fannin. Ta kwashe turare da kwalli da 'yan kunne ta kulle, ta ba ni zane da mayafi marasa ado, ta damƙa mini wata 'yar wuƙa ta ce kada in rabu da ita. Na ce mata wuƙar nan fa ba ta cikin littafi, ta ce ita ma ba ta cikin littafi amma ga ta a zaune. Na karɓa don a zauna lafiya. Abin da ta fi tsanantawa a kai shi ne murya.

"'Yar nan, mai takaba ba ta ɗaga murya. In namiji ya zo, yana waje kina ciki, labule a tsakani. Wanda yake son ya ji ki ya matso da kunnensa."

Ni da na saba cika aji da murya ba lasifika, sai ga ni ina magana kamar mai gudun tada jariri. Abin mamaki, ban ji wuyarsa ba. A makonnin farko ko an ce in yi ihu ba ni da ƙarfinsa.

Abokan aiki suka yi ta zuwa ta'aziyya, 'yan Katsina da 'yan Bauchi da 'yan Maiduguri, kowa da irin gaisuwarsa. Bayan addu'a sai wani ya yi gyaran murya ya tambayi maganar tafiya. Wata ƙawata ta ce in shirya kawai in tafi, wa zai bi ni can ya duba? Farfesar ta kira ni a waya, ta yi kuka tare da ni, mace mai kirki. Ta ce ta nemi a ɗaga mana lokacin an ce ba hali, in ban zo ba za a ba ɗalibin da ke bi mini, wani yaro ɗan Kenya, kuma curina zai zama nasa. Ta ce za ta riƙe mini gurbin har ranar da jirgina zai tashi. Na ce na gode. Akwatin yana nan a bayan ƙofa inda babanku ya ajiye shi, da rigar sanyin a ciki, kullum ina ganin sa in na idar da salla.

Ana cikin haka sai Gwaggo ta fara ƙorafin cewa Sule ya zama ɗan yawo. Yau an gan shi a Lajawa, gobe a Ɗankaza, jibi an ce ya wuce Kano, a kan tsohon babur ɗinsa cikin zafin bazarar nan da ko ƙadangare yake neman inuwa. Ba wanda ya san abin da yake nema. Sai wata la'asar ya yi sallama, ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakina, ni ina ciki bayan labule. Muka gaisa, ya yi mini ya haƙuri, na yi masa.

"Maman Hajjo, ranar da marigayi ya aike ki neman koko, amana ya ba ni. Ya ce, Yaya, na san ba ka so, amma ko me ya faru ka ga ta tafi. Na ce na ɗauka."

Ya ci gaba.

"Na je wajen malamai. Na Lajawa ya ce wasiyyar mamaci ba ta ɗage hukuncin Allah. Na Ɗankaza ma haka. Limaminku na jami'a ya ce kina iya fita aiki da rana, amma kwana sai a ɗakinki. Sai a Kano na sami wani dattijo, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in lalura ce, in rashin tafiyar zai raba ta da abin da take ci da marayu, to akwai sauƙi a addini. Ya ce ita ta san halin da take ciki, ita za ta faɗa."

"Yaya, malamai nawa ka je wa?"

"Ban ƙirga ba. Wanda ya ce akwai hanya shi na riƙe."

Mutumin da ya ƙi shan ruwan gidanmu saboda tafiyar nan, shi ne ya ƙona fuskarsa a rana yana nema mini ƙofa. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani.

Na yi tunanin kuwa, har na rame a kan ramar da nake da ita. Ina son tafiyar nan kamar raina, kada wani ya gaya muku ba haka ba. Shekara uku na zuba a ciki, kuma tun ina yarinya a makarantar kwana nake mafarkin ranar da zan sa idona a irin wannan madubi. Ga miji ya yi wasiyya, ga wansa ya amince, ga malami ya buɗe ƙofa. Kalma ɗaya ta rage, in ce lalura ce. Amma akwai wani abu da aikin nan ya koya mini. In kana auna saurin taurarin curi, dole ka tace, don wasu taurarin ba 'yan curin ba ne, sun dai gitta ta gabansa ne a hanya. A wajen tacewar nan ake gane mai gaskiya. In ka riga ka ƙudurta amsar da kake so, sai ka ga hannunka yana zubar da duk tauraron da ya ɓata maka lissafi, yana riƙe wanda ya yi maka daɗi, kuma ba mai kama ka. Na sha gaya wa ɗalibaina cewa wanda ya yi haka ba awo ya yi ba, son zuciyarsa ya rubuta da lambobi. To ga ni da malamai da yawa sun ce a'a, ɗaya ya ce i da sharaɗi, sharaɗin kuma na san bai cika ba. Albashina yana nan ko na je ko ban je ba. Hatsi yana zuwa daga Dagumawa. Ba wanda zai kwana da yunwa.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin, don ba a faɗin irinsa a gaban surukai. Ban gama zama da babanku ba. Rigarsa ta Kara tana rataye a ƙusa, warin shanun da na yi shekaru ina mita a kansa bai gama fita ba. Watannin nan su ne na ƙarshe da za a kira ni matarsa a ɗakinsa, kuma na ji ba zan iya kai su wani tsauni in ƙarar a cikin baƙi ba.

Na aika wa Baffa cewa na haƙura. Bai aiko da amsa ba, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe bai haƙura ba. Ranar da jirgin zai tashi, da hantsi, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Ya je tasha ya ɗauko shatar mota har Kano. Gwaggo ta ga abin da ke shirin faruwa ta tura ku gidan maƙwabta, kuka tafi kuna waige. Ya shigo ya sa Gwaggo ta miƙo masa akwatin, ya kai zaure da kansa, ya dawo ya tsaya a tsakar gida.

"Maman Hajjo, fito mu tafi. In akwai zunubi a wuyana."

"Yaya, ba mai ɗaukar wa wani. Malamin cewa ya yi in lalura ce. Wannan so ne, ba lalura ba."

"Ki ce lalura ce mana! Aikinki ne! Wahalar shekara uku ce!"

"Ba zan iya faɗin abin da na san ba haka yake ba."

Nan fa ya ɗaga murya, irin ɗagawar da ban taɓa jin ya yi ba kafin ranar ko bayanta. Ya ce shi bai taɓa karya alkawari ba ko na goro. Ya ce ƙanensa bai taɓa roƙonsa komai ba tun suna yara sai wannan abu ɗaya. Ya ce taurin kaina ya fi na jakin Dagumawa, kuma dama tun ranar da aka kawo ni ya faɗa. Ni kuwa ina bayan labule ina ba shi amsa a hankali yadda Gwaggo ta koya mini, hawaye yana zuba, ko wanda ke zaure ba zai ji ni ba balle na gidan maƙwabta. Direba ya yi ta danna ham. Daga ƙarshe Baffa ya je zaure ya ɗauko akwatin, ya dawo da shi ya dire a ƙofar ɗakina, ya fita ya sallami motar.

Abin da kuka gani ke nan ta kan katanga. Kun ji Baffanku yana faɗa, kun ga ya dawo da akwati, kun ga mota ta tafi ba kowa, kuka shigo kuka tarar da uwarku tana kuka. Ko ni ce a shekarunku na lokacin abin da zan ɗauka ke nan. Muryar da ba ku ji ba ita ce ta hana tafiyar, kuma tawa ce.

Sauran watannin suka wuce a hankali. Ruwan farko ya sauka ya wanke sama. Bayan isha'i nakan fito tsakar gida da madubin babanku, wuƙar Gwaggo a ɗaya hannun, in duba saman darbejiya. Babban curin yana nan inda muka bar shi. Na san a daidai lokacin wani yaro yana kan tsauni sanye da rigar sanyi, yana tsaga hasken taurarina ɗaya bayan ɗaya. Wani daren in yi masa addu'ar sa'a, wani daren in ji kamar in jefa madubin a rijiya. Gwaggo takan leƙo ta ce in shigo haka nan, mai takaba ba ta shan raɓa. Wannan ma na tabbata ba ya cikin littafi.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa abin bai ci mini komai ba. Shirin ya rufe a shekarar kamar yadda aka faɗa. Na nemi wasu hanyoyin, wata ta ce shekaruna sun wuce, wata ta ce in fara daga farko da wani aikin, ga ku kuna tasowa kuna buƙatar uwa da uba a jikin mutum ɗaya. Na bar aiki ina Malama kamar yadda na shiga. Yaran da na koya wa riƙe ma'auni sun dawo suna daktoci, wasu sun shugabance ni, ina tashi in sun shigo taro. Yanzu an ce ɗalibi yana zaune a Wudil bayanan madubin suke iske shi a kwamfuta, ba jirgi ba biza. Da na ji haka na yi dariya har na share ido. Ban taɓa yin nadama ba, amma na ji zafi, kuma waɗannan abu biyu ne daban.

Bayan na fita takaba da 'yan makonni farfesar ta kira ni. Aikin ya yi kyau, sun sami nauyin curin, ta karanta mini lambar a waya na rubuta a bayan hannuna don ba takarda kusa. Ta ce awon faɗin da na yi shi suka yi amfani da shi, kuma za su gode mini a ƙarshen rahoton. Washegari Baffa ya kawo buhun gero a bayan babur. Rabona da shi tun ranar motar. Wannan karon ba labule, na fito na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa, ya sha. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi damina.

"An auna abin naki?"

"An auna, Yaya."

"Wa ya auna?"

"Wani yaro ɗan Kenya."

"Ya iya?"

"Ya iya. Ya yi aiki mai tsabta."

Ya jinjina kai, ya daɗe yana juya kofin a hannunsa.

"Ni ne babba, ga alama ni zan riga ki zuwa inda ƙanena yake. In ya tambaye ni amanarsa, me zan ce masa?"

"Ka ce masa ka kawo mota har ƙofar gida."

Ya sa hannun riga ya goge fuska, ya miƙe ya ce hadari yana haɗuwa, gara ya kama hanya.

Yanzu ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, baburin ma an daɗe da sayarwa. Duk ƙarshen wata nakan shiga mota in je Dagumawa, in same shi a kan buzu a ƙofar ɗakinsa. Yana jin sallamata yake gane ni. Mu gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayen 'ya'yanku. In zan tashi sai ya laluba ya kama bakin mayafina, ya yi ƙasa da murya yadda na cikin gida ba za su ji ba, ya tambaye ni ko na yafe masa da ya kasa kai ni.